Daga Liyari Zuwa Kwanon Silba: Tafiyar Azurfa a Kano

 Maƙalar wannan makon a kan azurfa take, da 'yan uwanta ƙarafa masu daraja, da yadda suka shigo Kano, suka zama kuɗi, suka zama ado, daga baya suka shige cikin injinan Bompai da Sharaɗa da Challawa inda ido ba ya ganinsu.

Abin da ya sa na ɗauko batun shi ne yawan yadda muke ambaton waɗannan ƙarafa a littattafanmu ba tare da mun san su ba. Da wuya ka karanta labarin gidan attajiri ba ka ci karo da sarƙar gwal da kofin azurfa ba. Wani marubucin zai kafa labarinsa a zamanin Sarkin Kano Alu, ya sa a biya sadaki da sule goma, alhali sule bai zama kuɗin kasuwar Kano ba sai bayan zuwan Turawa a 1903. Wani zai kwatanta Alhaji mai tsoron Allah yana shan ruwa a kofin azurfa, bai lura cewa hadisi ya hana ci da sha a mazubin zinariya da azurfa ba. Mai karatu da ya san abin zai ajiye littafin, kuma ba lallai ya gaya maka dalili ba.

Mu fara da sunan. Kalmar azurfa aro ce daga harshen Buzaye da danginsu na Arewacin Afirka, inda ake ce mata azref. Zinariya kuma daga dinari ta fito. Sunayen da kansu sun nuna hanyar da kayan suka biyo, wato ta hamada, a bayan raƙumi. Ƙasar Kano tana da tama, shi ya sa ƙirar baƙin ƙarfe ta daɗe a nan tun zamanin mazauna Dala. Amma ba a haƙo azurfa a Kano. Inda ake samun ɗan burbushinta a ƙasar nan shi ne cikin dutsen tozali, irin na Zurak a ƙasar Wase da Arufu a Taraba da Abakaliki, domin azurfa da dalma sukan zauna a dutse ɗaya. Ko yau a duniya, mafi yawan azurfar da ake samu a gefen haƙar dalma da tutiya da jan ƙarfe da zinariya ake tsintarta, kuma Meziko ce kan gaba wajen fitar da ita.

To ta ina ta riƙa shigowa da yawa? Ta hanyar tsabar kuɗin wasu ƙasashe. A 1545 Sifaniyawa suka gano dutsen azurfa na Potosi a ƙasar da yau ake kira Bolibiya, suka yi ta buga dalolin da suka zaga duniya. Sai kuma kuɗin Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tariza, wanda Hausawa suke kira liyari. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma saboda 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da Sudan ba sa karɓar wani sai shi, aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar a jikinsa har bayan fiye da ƙarni guda. Saboda haka idan kun ga liyari a kayan kakarku an rubuta 1780, wannan ba shaida ba ce cewa a shekarar aka buga shi. Nauyinsa giram 28 ne, kuma kashi 833 cikin 1,000 na jikinsa azurfa ce, sauran jan ƙarfe. Fatake suka riƙa kawo shi daga Tarabulus ta Gat da Agadas, wani kuma ta Kukawa a Borno, har ya iso Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Kuɗin yau da gobe a Kano ta wancan lokacin wuri ne. Kalmar kuɗi ma asalinta jam'in wuri ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairun 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Ana ɗura wuri 20,000 a keso guda, kuma keso kaya ne na ɗan dako sukutum. Ku yi lissafi: keso ɗaya liyari takwas ke nan, abin da bai kai rubu'in kilo ba, wanda mutum zai ƙulle a lalitarsa ya hau doki. Wannan shi ne sirrin ƙaunar da fatake suka yi wa azurfa. Ga shi kuma daga tsakiyar ƙarnin Turawa suka yi ta jibgo wuri daga gaɓar Zanzibar ta bakin teku, darajarsa ta riƙa zubewa. Mai keso ɗari a rumbu yana kwana dukiyarsa tana raguwa, mai liyari kuwa hankalinsa kwance.

Addini ma ya ba ta matsayi. Nisabin zakka dirhami 200 ne na azurfa, kimanin giram 595, ko dinari 20 na zinariya, kimanin giram 85. Idan aka auna da tsantsar azurfar da ke cikin liyari, nisabin ya kama liyari 25 da 'yar ɗoriya. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Namiji an hana shi ado da zinariya, an yarje masa zoben azurfa, kuma zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne. Wannan hukuncin shi ya raba kasuwar ado gida biyu har yau, gwal na mata, azurfa kuwa kowa da rabonsa.

Liyari da yawa ba su ƙare rayuwarsu a matsayin kuɗi ba. Wasu an huda su ko an yi musu kunne mata sun rataya a wuya. Wasu sun shiga wuta. A sana'ar ƙira ta Hausa akwai maƙeran baƙi, masu garma da lauje da takobi, akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da jan ƙarfe. Maƙerin fari shi ke narka liyari ya fitar da munduwa da awarwaro da zobe da 'yan kunne, da adon linzami da na kube. Abin da ya sauƙaƙa masa aiki ɗabi'ar ƙarfen ce. Azurfa tana narkewa a zafin digiri 962, zinariya a 1,064, jan ƙarfe a 1,085, baƙin ƙarfe kuwa sai 1,538. Da gawayin ƙirya da zugazugi mai kyau za a narka azurfa a ɗan kasko. Tana da laushi, tana karɓar dukan masaba ba ta tsage ba, ana iya jan ta ta zama siririyar waya a murɗa. Laushin nan ne ma ya sa ba a cika aiki da tsantsarta ba, sai an sirka da jan ƙarfe don ta yi ƙwari. Lambar 925 da kuke gani a cikin zobe ma'anarta ke nan: kashi 925 azurfa, 75 sirki.

Munduwar azurfa a hannun mace ta wancan zamanin asusu ce. Ranar da fari ya zo, ko aka kama miji da bashin haraji, ita ake cirewa a kai wa maƙeri ya auna. Marubucin da ya san wannan ba zai rubuta cire munduwa kamar cire ɗankwali ba.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka zo da kuɗinsu, suka kuma dage sai da shi za a biya haraji. Daga nan harshenmu ya cika da sababbin kalmomi: fam, da dala ko fataka mai sule biyu, da sule, da nai, da sisi, da taro, da ahu, da kwabo, da ɗari, da anini. Anini yana da labari na musamman. Wanda aka fara bugawa a 1907 da sanholo aka yi shi, wato alminiyum, kuma yana cikin tsabar kuɗi na farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfen. Bai jure ba, a 1908 aka sauya shi da gamin jan ƙarfe da nikel. Kwabo goma sha biyu ne sule, anini goma ne kwabo, don haka idan aka ce mutum ba shi da ko anini an kai ƙarshen zance. A Nijar kuma har gobe dala tana nufin faran biyar, saboda tsabar faran biyar ta Faransa azurfa ce mai girman liyari.

A 1911 layin dogo ya iso Kano, a 1912 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa, cinikin gyaɗa ya tashi. Manomi ba ya karɓar takarda, tsaba yake so, wadda zai buga a dutse ya ji ƙararta. A 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, a 1913 ta fara fitar da fataka da sule da sisi da taro na azurfa mai lamba 925. Sule ɗaya giram biyar da rabi ne da ɗan kai, saboda haka fam ɗari na sulalla ya haura kilo 11. Duk kakar gyaɗa sai an yi lodin akwatunan tsaba a jirgin ƙasa zuwa Kano, kuma yawancinsu ba sa komawa banki. Suna shiga tulu a binne, ko su bi sawun liyari zuwa maƙera.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya farashin azurfa ya yi tashin da ya sa ƙarfen da ke cikin sule ya nemi ya fi sulen kansa daraja. A 1920 hukumar ta daina buga kuɗin azurfa, ta koma wani gami na tagulla mai ɗorawa-ɗorawa. A ganina wannan shekarar ce ya kamata duk mai rubuta labarin tarihi ya riƙe, domin daga ita ne kuɗin hannun talaka ya rabu da azurfa. Jama'a suka yi abin da mutane suke yi ko'ina: suka kashe sabon, suka ɓoye tsohon. Akwai labarin da ya shahara cewa a 1929 Alhaji Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar tsabar azurfa kayan raƙumi 20 reshen bankin Turawa na Afirka ta Yamma da ke Kano. Ku dubi shekarar da kyau. Shekara tara ke nan da daina buga irin wannan kuɗin, wato mai su ya san abin da ya kamata a riƙe. Sule da sisi sun rayu a baki har bayan zuwan naira a ranar 1 ga Janairun 1973, aka riƙa kiran kwabo goma sule, kwabo biyar sisi, amma babu ƙwayar azurfa a cikinsu.

Yanzu mu zo unguwannin masana'antu. Bompai ce babbar yaya, ta taso a ƙarshen zamanin Turawa a gabashin birni kusa da layin dogo, da injinan matse man gyaɗa na Kwarori da sauran baƙin 'yan kasuwa, daga baya aka samu na turare da alewa da saƙa da haɗa kekuna. Challawa tana da tsohuwar alaƙa da inji, domin a bakin kogin nan Hukumar Gargajiya ta Kano ta kafa aikin ruwan famfo da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Amma zamanta unguwar masana'antu, ita da Sharaɗa, ya biyo bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 da mulkin Audu Baƙo da kuɗin man fetur na shekarun 1970.

Babu ɗaya daga cikin unguwannin nan uku da aka kafa don azurfa. Abin da suka yi mata shi ne sun ƙwace mata aiki a ɗakin amarya. Kafin su, jeren mace ƙwarya ce da akushi da tasoshin tagulla, dukiyarta ta gaske kuma tana hannu da wuya. Sai kwanon fenti ya shigo, da farko daga waje, daga baya 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsa a ƙasar nan, har da Kano. Langa da samira da fanteka da kumbo suka hau bango tun daga ƙasa har rufi, uwa ta riƙa tara wa 'yarta kwano tun tana goye. Bayan kwanon fenti sai fararen kwanuka masu ƙyalli, waɗanda muka raɗa wa suna silba.

A nan nake so mu tsaya kaɗan, don nan ne muka fi yin tuntuɓe a rubutu. Silba daga sunan azurfa na Turanci aka aro ta, amma kwanon silba da kofin silba da farantin silba babu azurfa a jikinsu ko ta ƙwayar gero. Wasu sanholo ne, wasu kuma ƙarfe ne marar tsatsa, wanda aka gano a Shafil ta Ingila a 1913, wato baƙin ƙarfe da aka gama da kuromiyam fiye da kashi goma cikin ɗari. Hausa ta yi dabara a nan, ta bar azurfa ga ainihin ƙarfen, ta ba ƙyallin sunan aro. Don haka Alhajin da muka ambata a sama, idan kofin silba aka miƙa masa babu laifi, idan kuwa marubuci ya ce na azurfa ne to ya jefa shi cikin abin da malamai za su yi magana. Hannu ma yana rarrabe su. Azurfa ta fi ruwa nauyi sau goma da rabi, sanholo bai kai sau uku ba, zinariya kuwa ta haura sau 19. Jarumar da ta ɗauki jakar da aka cika da zinariya ta ruga da gudu, a gaskiya ko ɗaga ta ba za ta iya ba.

Akwai kuma abin da ake sayarwa da sunan azurfar Jamus, gamin jan ƙarfe da nikel da tutiya, ita ma suna kawai ta ara. Masu saye suna gwadawa da maganaɗisu, domin azurfa ba ta bin sa, sai dai wannan gwajin bai isa ba, tunda tagulla da sanholo ma ba sa bi. Tsofaffin maƙera sun fi dogara da nauyi, da ƙara, da launin da ke fitowa idan an goga ta a dutse. Gwal kuma da karat ake auna shi: 24 tsantsa, 22 shi ne mai lamba 916, 21 mai 875 wanda aka fi kawowa daga Saudiyya da Dubai, 18 mai 750. Wanda aka yi wa wankan gwal a sama daban ne, shi ne yake koɗewa bayan biki.

Zinariya ba ta tsatsa ba ta dushewa, ko ta shekara dubu a ƙasa. Azurfa kuwa tana baƙi, kuma za ka ji ana cewa zobe ya yi baƙi don mai shi ba shi da lafiya, ko an yi masa wani abu. Abin da ke baƙanta ta farar wuta ce da ke cikin iska da gumi da wasu abinci irin su ƙwai da albasa. Wannan ya dawo da mu Challawa da Sharaɗa, inda manyan majemu na zamani suke. Wajen cire gashi daga fata suna amfani da sinadari mai farar wuta, shi ne warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga magudanan wajen. Lebura mai zoben azurfa a irin wannan wurin zai ga zobensa yana baƙi da sauri fiye da na ɗan uwansa da ke Kurna. Toka da lemon tsami sukan dawo da haskensa. Kuromiyam ɗin da ke hana kwanon silba tsatsa, shi ne dai ake jeme fata da gishirinsa, kuma shi ne cikin abubuwan da masu bincike suka daɗe suna kuka da kwararsu zuwa Kogin Challawa, inda manoman rani suke ban ruwa. Labari guda zai iya ɗaukar duka biyun: uwar da ke goge zoben ɗanta tana zargin maƙiya, da iskar da yake shaƙa awa goma sha biyu a rana.

Duk da haka azurfar gaske tana nan a masana'antun, ta dai ɓuya ne. A duk ƙarafan duniya babu wanda ya kai ta wuce da lantarki, babu wanda ya kai ta ɗaukar zafi, babu kuma wanda ya kai ta mayar da haske. Tsada ce ta sa ake yin waya da jan ƙarfe. Amma a daidai inda wuta ke haɗuwa ta rabu, wato bakin makunnin da ke tayar da babbar mota ta injin saƙa ko injin roba, ana liƙa 'yan ƙananan ƙwayoyi na gamin azurfa, saboda su ne suke jure tartsatsi sau dubbai ba su ƙone ba. Duk akwatin wuta na masana'anta cike yake da su. Masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki suna liƙin bututu da sandar da ke da sirkin azurfa. A ɗakin gwajin ruwa na kamfanonin lemo da na ruwan sha akwai ruwan gishirin azurfa da ake auna gishirin ruwa da shi, kuma duk wanda ya yi aikin gwaji a kwalejin fasaha ya san yadda yake baƙanta yatsa ya ƙi fita sai fata ta saɓe. Farantin sola da ya cika rufin gidaje da shaguna yanzu, siraran layukan da ke fuskarsa da kwaɓin azurfa aka ja su. Fiye da rabin azurfar da duniya ke amfani da ita a yau masana'antu ne suke shanye ta.

Ta shiga wasu wuraren ma da ba ma zato. Hoto tun daga 1839 a kan gishirin azurfa ya tsayu, saboda haske yana sauya shi, don haka tsofaffin hotunan baƙi da fari na iyayenmu da fim ɗin hoton ƙashi na asibiti duk azurfa ce ta zana su. Madubi mai kyau ita ce a bayansa. Tana kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa man da ake shafa wa wanda ya ƙone yake ɗauke da ita. Haƙorin Makka kuwa, wanda alhazai suke dawowa da shi fari ko ja, sau da yawa launin ne kawai na azurfa ko na gwal.

Sauran dangin masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam, ba su da tsohon suna a Hausa domin ba su zo ta hannun fatake ba. A cikin salansar mota suka zo. Tun 1975 aka fara sa wa motocin Amurka wata na'ura mai tace hayaƙi, cikinta kamar saƙar zuma, an shafe ta da ƙurar waɗannan ƙarafan. Makanikai sun raɗa mata suna indomi saboda kamar da ta yi da taliyar. Afirka ta Kudu ce ta fi kowa filatinam, Rasha kuma tana gaba a faladiyam. Abin da ke ciki 'yan giram ne ƙalilan, amma tsadarsa ta isa ta sa a kwance wa mutum ita a gareji ko a tsakar dare, sai dai ya ji motarsa ta sauya murya ta fara shan mai.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida da faɗuwar naira, masana'antun Kano suka fara tangaɗi. Rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar Sin da ke shigowa ta kan iyaka suka ƙarasa da yawa daga cikinsu, musamman masaƙu. Wasu gine-ginen sun koma ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su daga waje. Wasu an sayar da injinansu a kilo. Majemu da kamfanonin roba da na abinci da na lemo suna nan suna aiki, amma wanda ya bi titunan Bompai da Sharaɗa zai ga ƙofofin da ciyawa ta ci.

Injin da ya mutu kuwa yana da magada. 'Yan gwangwan da 'yan jari-bola suna farfasa shi, baƙin ƙarfe gefe guda, jan ƙarfe gefe guda, sanholo a kai wa masu zuba tukwane. Harkar tana bi ta kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa. Matattun wayoyin hannu ma ana sayensu, saboda allon cikinsu yana da ɗan wankan zinariya a inda ƙafafu suke haɗuwa, ana tara su buhu-buhu a fitar waje inda ake tacewa. Yaron da ke yawo da buhu da maganaɗisu a ɗaure a sanda yana yin irin aikin da maƙerin fari yake yi da dutsen gwaji, yana rarrabe ƙarfe da ƙarfe, sai dai shi a kilo ake biyansa, wanda ya saya daga hannunsa kuma ya sayar da wani ɓangaren a giram.

Haɗarin aikin ba ƙarami ba ne. Mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda aka riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje ba a san yana cike da dalma ba, yara aƙalla 400 suka rasu. Masu wanke zinariya da zaiba suna shaƙar tururinta idan sun ƙona. A birni kuma ƙona allon waya da robar kebur yana tayar da hayaƙi mai guba. Su kansu ƙwayoyin azurfar da ke bakin tsofaffin makunnai, da yawansu an gama su da kadmiyam, ƙarfen da hayaƙinsa ke lalata huhu da ƙoda. Wanda ya ɓamɓaro su da kurfi daga akwatin wutar wata rufaffiyar masaƙa, ya zuba a kasko a ɗan shago marar taga don ya fitar da abin zobe, zai samu azurfarsa fara tas, tarin kuma sai bayan wasu awanni yake farawa.